Kan Saniya a Teburin Malamin Zane

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwar Bena ya ga abin da dillali ke yi kafin ya buɗe baki ya yi tayi. Sai ya kama leɓen saniya ya ja ƙasa, ya leƙa haƙora, ya bi haƙarƙari da tafin hannu, ya danna kwatangwalo, sannan ya ja da baya ya faɗi shekarunta da irin naman da za ta yi. Bai taɓa zama ajin kimiyya ba, amma ya san saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri, ya kuma san takwas ɗin da ke ƙasa bibbiyu suke famfara, da haka ake gane shekaru. Ɗan wannan dillali yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ka ce ya zana maka saniya, sai ya zana akwati mai ƙafafu huɗu miƙaƙƙu kamar turaku, ya ɗora ƙaho biyu, ya kawo wa malam a sa masa maki.

Yaron ba makaho ba ne, idonsa irin na ubansa ne. Makaranta ce ta koya masa cewa zane abu ne da ake kwafa daga allo, shi ya sa ko sau ɗaya bai taɓa tunanin ya dubi saniyar da ke ɗaure a gidansu ba kafin ya ɗora fensir a takarda.

Tun da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda aka soma aiki da ita a 2008, aka haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda, wanda malamai da ɗalibai suke kira CCA. A takarda abin ya tsaru. A aji kuwa, musamman a garuruwan da ke nesa da Birnin Kebbi, darasin yakan faɗa hannun duk malamin da aka ga yana da sarari a jadawali. Shi kuma sai ya cika allo da rubutu: ma'anar fasaha, kashe-kashenta, sunayen launuka. Yaro ya haddace cewa ja da shuɗi da rawaya su ne iyayen launuka, ya ci jarrabawa da wannan, alhali bai taɓa gauraya biyu daga cikinsu ya ga abin da za su haifa ba.

Ni ma na yi hakan, shi ya sa nake da bakin magana. A shekarun da na koyar a wata ƙaramar sakandare ta wannan ƙasa tamu, an ɗora mini darasin ban shirya masa ba, kuma zango guda cur na yi ina rubutu yara suna kwafa. Abin ya ishe ni ne ranar da na tara littattafai don dubawa, na tarar da kofi iri ɗaya sak a kowane littafi, kofin da ni na zana a allo, har da karkacewar da hannuna ya yi. Washegari na bi ta wurin mahauta na sayi kan saniya guda, na ce wa dattijon da ke wurin, "Ranka ya daɗe, kada a fasa mini shi, ɗungurungum nake so." Ya dube ni ya ce, "Malam, me za ka yi da shi?" Tambaya ce mai nauyi, kuma zan dawo kanta. A gida aka dafa kan, aka ci nama, ni kuma na ƙara tafasa ƙoƙon, na kankare, na shanya shi a rana har ya yi fari tas.

Da na ajiye shi a tebur, wasu suka fashe da dariya, wata yarinya ta ja kujerarta baya tana ta'awwuzi. Na ce kada kowa ya taɓa fensir tukuna. Na sa suka riƙa zuwa layi-layi, suna sa yatsa a ramin ido, suna ƙirga turame, suna bin ɗinkin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, wanda yake tafiya a karkace kamar hanyar tururuwa. Sannan aka raba gawayi da takardar buhun siminti. Zanen da suka yi ranar bai yi kyau ba, amma babu biyu da suka yi kama da juna, domin kowa daga inda yake zaune ya ga abin, kuma abin da ya gani ya zana.

Dalilin da ya sa ƙashi ya fi kofi a wannan aiki a fili yake. Kowane yaro yana da kofi a cikin kansa tun kafin ya shigo aji, yana da gida, yana da mota, yana da itace mai kai kamar lema. Idan ka ajiye masa kofi, wanda ke kansa zai zana, ba zai ko ɗaga ido ba. Muƙamuƙin akuya kuwa ba shi da hotonsa a ajiye, dole ya duba, ya sake dubawa, ya auna tsawo da faɗi da babban yatsa, ya lura inda haske ya sauka da inda inuwa ta taru. Ga shi ƙashi ba ya motsi kamar ɗan akuya, ba ya yaushi kamar ganye, ba ya ruɓa kamar mangwaro. Ka ajiye shi yau, ka dawo mako mai zuwa, yana nan yadda ka bar shi. Kuma a garin da ake yanka dabba kullum, allon kafaɗa da ƙaho da kofato da muƙamuƙi kusan kyauta suke. Makarantar da ba ta da kuɗin fenti ba za ta ce ba ta da gawayi ba.

Sai kuma abin da ƙashin ke koya wa yaro game da jikinsa. A jikin baligi akwai ƙashi 206, kuma 27 daga ciki a hannu ɗaya suke, daga tsintsiyar hannu zuwa kan yatsu. Ka sa yaro ya shimfiɗa hannunsa na hagu a takarda, ya bi gefensa da fensir, sannan ya laluba da yatsa ya gano gaɓoɓin ya cike su a ciki. Nan zai gane da kansa cewa babban yatsa ƙashi biyu gare shi, sauran kuwa uku-uku. Wuyan mutum ƙashi bakwai ne, na akuya bakwai, na raƙumi bakwai, har raƙumin dawa da duk tsawon wuyansa bakwai ne. Abin da ya fi tayar da gardama a ajina shi ne ƙafar bayan saniya. Gaɓar nan da take lanƙwasawa ta baya, wadda kowa ke ce wa gwiwa, diddige ce. Gwiwar ta ainihi tana can sama kusa da ciki, saniya kuwa a kan yatsu biyu take tafiya. Yaran da suka tashi cikin shanu sun ƙi yarda, sai da aka jera ƙasusuwan a ƙasa kusa da ƙafar ɗaya daga cikinsu. Tun daga ranar ba wanda ya sake zana mini saniya mai ƙafar turke.

Malamin kimiyya yana koyar da ƙwarangwal a wannan mataki na karatu, amma da sunaye na Turanci da ake haddacewa a manta. Me zai hana shi da malamin zane su haɗa mako guda? Sunayen nan muna da su: haƙarƙari, ƙashin baya, ƙwauri, sangali, damtse, guringuntsi, ɓargo. Maɗori yana amfani da su kullum idan an kawo masa wanda babur ya kayar. Yaron da ya zana ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwar hannu da tsintsiyar hannu, ya ga yadda ɗaya ke hawa kan ɗaya idan an juya tafi, ya fahimci abin da ya sa ɗorin wurin yake da wuya. Daga cikin irin waɗannan yara ne za a samu masu zuwa jami'ar noma ta tarayya da ke Zuru, ko sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma a can ma zanen za a sa su yi.

Haɗa zane da sanin jiki tsohon abu ne. Leonardo da Vinci na Italiya ya zana ƙoƙon kan mutum a tsage tun 1489, ya nuna kogunan da ke bayan fuska. A 1543 likita Andreas Vesalius ya fito da littafinsa mai hotunan ƙashi da tsoka, wanda ya gyara kurakuran da likitocin Turai suka shafe fiye da shekara dubu suna maimaitawa. Amma kada wani ya ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Kafin a haifi waɗannan biyun, Mansur ibn Ilyas, likita Musulmi na birnin Shiraz a ƙasar Farisa, ya rubuta littafin sanin gaɓoɓi mai ɗauke da zanen jikin mutum shafi-shafi, na ƙashi daban, na jijiyoyi daban, na tsoka daban. Kafin shi kuma Al-Zahrawi na Andalus ya zana kayan tiyata a littafinsa don ɗalibi ya ga siffarsu da ido. A nan gida, Aina Onabolu ya soma koyar da zane a makarantun Legas tun shekarun 1920, ya matsa har aka kawo wani malamin zane, Kenneth Murray, a 1927. Sannan a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su karɓi dabarar Bature amma abin da za su zana daga ƙasarsu zai fito. Wannan matsaya ita nake so malamin Bena ya ɗauka.

To, mu koma ga tambayar dattijon mahauci, domin ita ce tambayar da kowane uba zai yi. Mutanenmu ba su ɗauki ƙashi abin wasa ba. Wanda aka gani yana tara ƙasusuwa, tsafi ake fara zarginsa da shi, kuma jita-jita a ƙaramin gari ta fi wutar daji gudu. Saboda haka malamin da zai yi wannan aiki ya fara da shugaban makaranta, ya kai maganar taron iyaye da malamai, ya je wurin liman ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da nake nufi," ya je wurin fasto ma haka. Ya nuna musu ƙashin da hannunsa, ya gaya musu wurin wane mahauci ya saya. Ƙashin ɗan Adam kuwa kada ya kusanci aji ko da wasa. Addini ya ba gawa alfarma irin ta mai rai, doka ta hana, al'ada ta ƙi. Don sanin jikin mutum, hannun yaron kansa ya isa, da taswirar bango, da tsohon hoton ƙashi na asibiti idan mai shi ya yarda ya ba da aro. Na dabba ma kada a tsinto mushe a daji. Ba a manta cutar antaraks da ta ɓulla a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023 ba. A ɗauko daga dabbar da aka yanka lafiya lau, a tafasa, a shanya.

Akwai maganar sura kuma, wadda ba a tsallake ta da wayo. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura ingantattu ne, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Uban da ya ce ba ya son ɗansa ya zana mutum ko dabba yana da madogara, bai kamata malami ya yi masa kallon wanda bai waye ba. Sai dai sanannen bayani a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar nan ke bi, shi ne cewa haramcin ya tabbata a kan sura mai jiki da inuwa, ta abu mai rai, wadda gaɓoɓinta suka cika. Abin da aka zana a shimfiɗe kan takarda bai kai wannan matsayi ba a wurinsu, haka ma surar da ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa, fatawa kuma tasu ce. Abin da ni na lura da shi kawai shi ne, muƙamuƙin akuya ko allon kafaɗar saniya ya fi zanen cikakkiyar fuskar mutum nisa daga wurin saɓani. Wato darasin ƙashi, wanda ake zaton shi zai fi tayar da ƙura, shi ne ya fi sauƙin karewa a gaban malamai. Kuma ai littattafanmu masu tsarki ba su kau da kai daga ƙashi ba. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ba da labarin mutumin da aka nuna wa yadda ake tayar da ƙasusuwa a tufatar da su da nama, Suratul Ƙiyama ta yi maganar tara ƙasusuwa har zuwa kan yatsu. Ɗan Kirista kuma ya san kwarin busassun ƙasusuwa a littafin Ezekiyel sura ta 37. Yaran da ke zaune benci ɗaya a Bena duka sun ji waɗannan labarai tun kafin su shigo sakandare.

Wannan ya kawo ni ga rabin maganar da ya fi nauyi. Ƙashi ba ya tsayawa a darasin kimiyya. Duk wanda ya daɗe yana kallon ramin ido babu ido a ciki, tunaninsa sai ya tafi wani wuri. Masu zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17 sun mai da wannan wani fanni mai zaman kansa: su jera ƙoƙon kan mutum, da kyandir da ya mutu, da agogon yashi, da furen da ya fara yaushi, kusa da littattafai da tsabar kuɗi, don mai kallo ya tuna duniya ba matabbata ba ce. A Meziko, José Guadalupe Posada ya riƙa zana ƙwarangwal sanye da kayan ƙawa don ya tsokani masu taƙama. Malaman zane a Turai da Amurka suna amfani da waɗannan a aji, kuma na ga wasu namu suna son kwaso su yadda suke. Ban goyi bayan haka ba. Ƙoƙon kan mutum kusa da kyandir, a idon Bature wa'azi ne, a idon mutumin Bena ɗakin boka ne. Agogon yashi kuwa yaronmu bai taɓa ganinsa ba.

Muna da namu alamomin, kuma sun fi waɗancan kama zuciya saboda da su muka tashi. Makara jingine a bangon masallaci. Fasasshen tulu. Sakainar ƙwaryar da aka daɗe ana dama fura a cikinta. Kangon da gara ta cinye azararsa. Rumbun da ya rufta. Karan dawa bayan girbi, tsaye babu kai. Fartanyar da ƙotarta ta sha hannu har ta yi santsi, mai ita kuwa ba ya nan. Allon karatun da rubutun ƙarshe bai gama gogewa ba. Bahaushe da ya ce mutuwa rigar kowa, ai zane ya yi da baki. Mawallafan waƙoƙin wa'azi, tun daga zamanin su Nana Asma'u har zuwa Aliyu Namangi mai Imfiraji, sun yi ta aiki da irin waɗannan hotuna a cikin kalma. Abin da ya rage shi ne a ba yaro gawayi ya gwada su da hannu.

Ƙasar Zuru kuwa, inda Bena take, tana da abin da ya wuce haka, abin da ƙasashe da yawa za su yi alfahari da shi, mu kuma ba ma ko ambatonsa a aji. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun shahara da gine-ginen yumɓu da suke ɗorawa a kan kaburbura. Mata ne maginansu, kuma a wasu gidaje ake gadon sana'ar daga uwa zuwa 'ya. Gindin yakan zama kamar tukunya a kife, a samanta a gina dabba ko mutum ko mahayi, sau da yawa kai a ɗage, baki a buɗe kamar mai kuka. Ba kowa ake yi wa ba. Manya ake girmamawa da su, irin su sarakai da manyan mafarauta da gwanayen kokawa, siffar da aka ɗora kuma tana nuna matsayin wanda ke kwance. P. G. Harris ya yi rubutu a kan al'adun Dakarkari a 1938, Allen Bassing kuma ya yi nazari a kan waɗannan gine-gine na kabari a 1973. Yau za ka same su a gidajen tarihi da wuraren gwanjon kayan fasaha a ƙasashen waje, ana yaba su, ana sa musu kuɗi, alhali yaron da kakar kakarsa ta gina su ana koya masa cewa fasaha ta tsaya a Nok da Ife da Benin. Yana ganin Ladi Kwali a bayan takardar naira ashirin, bai san cewa mata masu irin wannan hannu sun rayu tafiyar yini guda daga gidansu ba.

Na san zuwan Musulunci da Kiristanci ya sa al'adar ta ja baya, na kuma san akwai iyayen da ba za su so a tono ta ba. Ba ina kiran a farfaɗo da ibadar da ke bayanta ba ne, ba kuma ina cewa a sa ɗan Musulmi ya gina mutum-mutumi da yumɓu ba, domin wannan shi ne ainihin wurin da malamai suka hana. Balle a je kushewa a ɗauko wani abu, wannan sata ce da cin zarafi, kuma ita ce ta kwashe da yawa daga cikinsu. Abin da nake nema ƙarami ne: a nuna wa yara hotunansu, a gaya musu su wa suka yi su da dalilin yin su, a bar su su gwada gina gindin tukunyar da yi mata ado. Yaro ya san cewa mutanen wannan ƙasa sun zauna sun yi tunani a kan rashi, sun nemi siffar da za ta ɗauke shi, sun kuma samu. Ɗan Hausa da ɗan Fulani da ke ajin su ma suna da haƙƙin sanin wannan, domin sanin abin da maƙwabcinka ke girmama mamacinsa da shi yana rage raini.

Hujja mafi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa ita ce wadda wata malama abokiyar aikina ta kawo mini, kuma har yau ban raina ta ba. Ta ce, "Malam, yaran nan mutuwa ba ta ishe su ba ne, sai ka kawo musu ita aji?" Gaskiyarta. Bena tana kan iyaka, dazukan da suka haɗa Kebbi da Zamfara da Neja ba su da nisa, kuma shekarun nan masarautar Zuru ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A watan Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Nuwamban 2025 aka shiga sakandaren 'yan mata ta Maga, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu da Bena take ciki, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da 'yan mata 25. A kowane aji na yankin nan akwai yaron da iyalinsa suka baro ƙauye da dare, akwai wanda ya ga gawa a inda bai kamata ya gani ba. Wane ne zai ce irin wannan yaro yana bukatar a tuna masa akwai mutuwa?

Ba ya bukata. Abin da ba shi da shi shi ne wurin ajiye ta. A gida an ce masa ya yi haƙuri, kuma haƙuri gaskiya ne, amma ɗan shekara goma sha uku ba koyaushe yake da kalmomin da zai kai haƙurin inda ciwon yake ba. A makaranta kuwa ana yi kamar komai bai faru ba, a shiga aji a ce a buɗe shafi kaza. Duk malamin da ya duba bayan littattafan yaran nan ya san me suke zanawa idan ba mai kallonsu: babura, bindigogi, mutane a kwance. Suna zana mutuwa ko mun yarda ko ba mu yarda ba, su kaɗai, kuma da siffar da maharan suka ba ta. Ni a ganina gara babba ya zauna tare da su, ya nuna musu cewa akwai wata hanyar kallon rashi wadda ba ta jini da harsashi ba, hanyar da mamaci yake fitowa da mutuncinsa ta wurin abin da ya bari. Yarinyar da ta zana ludayin kakarta, kakar take tunawa da yadda ta rayu, ba ranar da aka rasa ta ba.

Amma maganar malamar ta sa na kafa wa kaina sharuɗɗa. Ba a tilasta wa kowa. Duk ranar da za a yi irin wannan zane, a ajiye wani abu dabam a gefe, kabewa ko zangarniyar gero, wanda ya zaɓe shi kada a tambaye shi dalili. Ba a cewa yaro ya zana abin da ya faru da shi, ba a tsayar da shi gaban aji ya yi bayani. Ba a yin darasin a makon da aka yi rashi ko aka kai hari. Kuma malamin zane ya san iyakarsa: idan yaro ya fashe da kuka ko ya yi shiru irin wanda ba a saba ba, iyayensa za a nema da wanda ya san aikin rarrashin zuciya, ba a ci gaba da tono ba. Ya kamata kwalejojin da ke horar da malamanmu, irin su Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, su riƙa tattauna wannan da ɗalibansu, domin duk wanda aka tura ƙasar Zuru zai tarar da shi a aji, ko wane darasi yake koyarwa.

A zangon ƙarshe da na yi da wancan aji, na ce kowa ya zo da wani abu daga gida wanda ya tsufa ko ya fashe ko aka daina amfani da shi. Aka kawo kaskon tuya, da tsohon lauje, da takalmin roba ƙafa ɗaya, da faifan da ya zare. Wani yaro da iyayensa suka taso daga wani ƙauye bai kawo komai ba, ya ce abin da yake so ya zana ba ya ɗaukuwa. Ya zana ƙofar zaure, ba ƙyaure, ciyawa ta fito a dokin ƙofa, ya cika cikin zauren da gawayi har takardar ta kusa hujewa. Da na zo manna zanen kowa a bango, ya ce, "Malam, don Allah kada a sa nawa." Na sa shi a aljihun tebur. Da na zo ba da maki, na rubuta masa cewa inuwar cikin zauren ta yi daidai, sai dai bangon hagu ya fi na dama tsawo, ya sake aunawa. Mako na gaba ya kawo wani, bangon ya daidaita.